Kada: Tambayoyin da Ake Yi a Bakin Shinge, da Amsoshinsu

Shekara da shekaru ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma da wuya shekara ta wuce ban cika mota da ɗalibai mun tafi gidan namun daji ba. A gaban kejin zaki ihu yara suke yi, a wajen birai dariya. Amma da mun iso kududdufin kada sai tambayoyi su ɓarke. Na tattaro su a nan: na yaran, da na iyayensu, da na wasu masu hali da ke sha'awar ajiye kada a gonarsu. Tunda sunan dabbar da kalmar hani iri ɗaya ake rubuta su, duk inda nake nufin hani zan rubuta "kar".

"Malam, wannan mai rai ne ko na roba?"

Mai rai ne, kuma yana ganinka. Jikin kada ba ya haɗa wa kansa zafi kamar namu, daga rana da ruwa yake samu. Shi ya sa da hantsi yake fitowa ya shanya jikinsa, in zafi ya yi masa yawa ya wangale baki don iska ta sanyaya shi, ko ya silale ya koma ruwa. Tunda ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, ɗan abin da ya ci yana kai shi nesa. Babban kada na iya yin watanni bai sa komai a baki ba.

Wannan haƙurin nasa shi ke yaudarar mutane ta fuska biyu. Mai kallo ya ɗauka ba shi da kuzari, sai ya matso. Mai ajiye shi kuma ya ɗauka ba ya bukatar komai, sai ya jefa shi cikin ramin siminti da koren ruwa ya manta da shi. Zaki in ya ji yunwa ko ciwo, duk unguwa sai ta sani. Kada kuwa zai iya shekara biyu yana mutuwa a hankali ba wanda ya lura.

Iri nawa ne a duniya?

Ashirin da 'yan kai, kuma adadin na ƙaruwa saboda masana na ta gano cewa abin da aka ɗauka iri ɗaya ne ashe biyu ne ko uku. Gida uku aka kasa su. Akwai kadoji na ainihi, irin namu na Afirka da na Asiya da Ostireliya da wasu sassan nahiyar Amurka. Akwai gidan aligeta da kaiman: aligeta a kudu maso gabashin ƙasar Amurka da kuma yankin kogin Yanzi na Sin, kaiman a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Sai gariyal na Indiya da Nepal, mai siririn baki kamar muciya, wanda kifi ne kusan duk abincinsa.

Hanya mafi sauƙi ta bambanta kada da aligeta ita ce a dubi baki a rufe. Na kada, haƙori na huɗu na muƙamuƙin ƙasa yana leƙowa waje. Na aligeta yana ɓuya a ciki, bakinsa kuma ya fi faɗi.

Wane iri ne namu na nan?

Nan ne labarin ya fi daɗi. In ka duba allon da ke jikin shinge a yawancin gidajen zoo ɗinmu, "kadan kogin Nilu" za ka gani an rubuta. Haka littattafai suka koyar da mu, haka ni ma na koyar. To amma tun 1807 wani masani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya duba gawawwakin kadojin da mutanen tsohuwar Masar suka busar suka adana, ya ce akwai wani iri daban, ƙarami kuma mai sauƙin hali, ya sa masa suna Crocodylus suchus. Ba a kula da maganarsa ba. Sai a 2011 wata masaniya, Evon Hekkala, da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin gado na kadoji daga sassan Afirka, har da na waɗancan gawawwakin, suka tabbatar mutumin ya yi gaskiya. Wanda ya bazu a Afirka ta Yamma, daga Muritaniya da Senegal zuwa Nijar da Nijeriya da Chadi, shi ne wannan suchus ɗin. Galibi tsawonsa mita 2 zuwa 3 ne, alhali namijin kadan Nilu na gabashi da kudancin Afirka yana kai mita 5, kuma shi ne ya yi ƙaurin suna wajen cin mutane.

Namu ɗin ɗan wahala ne na gaske. A tsaunukan Ennedi na Chadi, a wani gurbin ruwa da ake kira Arshe inda raƙuma ke sha, akwai 'yan tsiraru da za a iya ƙirgawa da yatsu, ragowar zamanin da Sahara ke da koguna. A Muritaniya kuwa, in tafki ya ƙafe sai su shige kogon dutse ko rami su kwanta har damina ta dawo. A kusa da mu ana samunsu a kogin Gaji na Yankari, da kogin Oli na gandun Kainji, da gandun W na Nijar.

Akwai wasu iri biyu a dazuzzukan kudu. Wadan kada, wanda da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, da dare yake fita, kuma shi ne ake yawan gani a ɗaure a kasuwannin naman daji na kudancin Nijeriya. Sai mai siririn baki, wanda ya kusa ƙarewa a duk Afirka ta Yamma.

Da gaske daga kada aka samo sunan Kaduna?

Bayanin da ya fi shahara ke nan: "kaduna" tsohon jam'i ne na kada, saboda yawansu a kogin a wancan zamani. Akwai masu danganta sunan da harshen Gbagyi.

Ɗan'uwan ƙadangare da damo ne?

Kama da wane ba ta wane. A tsarin halitta kada ya fi kusa da tsuntsaye fiye da ƙadangare. Zuciyarsa ɗaki huɗu ce kamar ta tsuntsu da tamu, yana kula da 'ya'yansa, yana kuma kuka.

Danginsa sun daɗe a ƙasarmu fiye da yadda hankali zai ɗauka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, aka tono ƙasusuwan wata dabba mai siffar kada da ta rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. Masana Faransawa, France de Broin da Philippe Taquet, suka sa mata suna Sarcosuchus imperator a 1966, daga baya wani masanin, Paul Sereno, ya tono ƙarin ƙasusuwa a 1997 da 2000. Ƙoƙon kanta kaɗai ya wuce mita ɗaya da rabi, tsawon jikinta kuma an ƙiyasta ya haura mita 9. Ba kakar kadojin yau ba ce kai tsaye, 'yar dangi ce ta nesa.

A masu rai, wanne ya fi girma?

Kadan ruwan gishiri na kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostireliya. Wani da aka kama a Filifins a 2011, aka sa masa suna Lolong, tsawonsa mita 6.17, nauyinsa ya ɗan haura tan ɗaya. Bai kai shekara biyu a tsare ba ya mutu, a Fabrairun 2013.

Yaya yake buɗe baki cikin ruwa bai shaƙe ba?

Akwai wata fata a can ƙarshen harshensa da ke toshe maƙogwaro kamar murfi. Hancinsa da kunnuwansa ma suna rufewa in ya nutse, idonsa kuma yana da wani siririn mayafi mai haske da ke rufe shi daga gefe. Hanci da ido da kunne duk a saman kai suke a jere, don haka zai iya ɓoye duk jikinsa ya bar abin da bai fi tafin hannu ba a waje. Nutso na yau da kullum minti 10 zuwa 15 ne, amma in ya kwanta shiru ya rage bugun zuciya, yana iya wuce awa guda.

In ka sami damar matsawa kusa da wanda aka ɗaure, dubi gefen muƙamuƙinsa. Za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa masoro. Da su yake jin motsin ruwa, ko da a duhu ne. Akuyar da ta sa baki a gaɓa ta riga ta sanar da shi zuwanta. Da dare kuma in ka haska tocila a kan ruwa, idanunsa za su yi ja kamar garwashi. Da haka ma'aikatan daji ke ƙirga su daga cikin kwale-kwale.

Me ya sa ake iya ɗaure bakinsa da roba, bayan an ce cizonsa ya fi na kowace dabba?

Duk ƙarfin a wajen rufewa yake. Gwajin da wani masani, Gregory Erickson, ya wallafa a 2012 ya nuna ba a taɓa auna cizon wata dabba mai rai da ya kai na kadan ruwan gishiri ba. Naman da ke buɗe bakin kuwa rauni gare shi, robar tiyub ko salatif mai kauri sun isa su riƙe shi.

Haƙoransa sittin da 'yan kai ne, na riƙewa ba na tauna ba, kuma in ɗaya ya faɗi wani na nan a ƙarƙashi yana jira. Ƙaramin abu haɗiye shi yake yi ɗungurungum. Babba kuwa sai ya kama ya yi ta mirginawa har yanki ya tsinke. Ruwan cikinsa yana narkar da ƙashi da kofato. Yakan haɗiyi duwatsu ma.

Haihuwa yake yi ko ƙwai?

Ƙwai. Macen takan haƙa rami a yashin gaɓa, inda ruwa ba zai kai ba, ta zuba ƙwai masu yawa, na kadan Nilu daga 25 har zuwa 80, ta rufe ta zauna gadi kusan wata uku. Babban ɓarawonta guza ne: da ta ɗan sauka ruwa sai ya tone ramin. In lokaci ya yi, 'ya'yan suna kuka tun suna cikin ƙwai, uwar ta ji ta tone su, ta kwashe su a bakinta, bakin nan da ke karya ƙafar sa, ta kai su ruwa. Masunta da suka ga haka a da sun ɗauka cinye su take yi. Ɗan da aka ƙyanƙyashe bai wuce santimita 30 ba, kuma tarwaɗa da manyan tsuntsaye da 'yan'uwansa kadoji suna cinye mafi yawansu kafin shekara.

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne zafin ramin ne ke yanke ko namiji za a samu ko mace. Wajen digiri 32 zuwa 33 maza ne suka fi fitowa. In ya yi ƙasa da 31, mata. A wuraren kiwo da ke kwashe ƙwai zuwa na'urar ƙyanƙyasa, ana sa wa saman kowane ƙwai alama da fensir kafin a ɗaga shi. Ƙwan kaza juya shi ake yi, na kada in aka juya shi ɗan da ke manne a ciki ya mutu.

To na Paga fa, da mutane ke riƙe musu wutsiya ana ɗaukar hoto?

Paga na arewacin Gana, dab da iyakar Burkina Faso. Mutanen garin sun ɗauki kadojin tafkunansu a matsayin masu alaƙa da kakanninsu, ba a kashe su, ba a cin namansu. Baƙo ya sayi kaza, mai rakiya ya kira kada ya fito, a yi hoto, a jefa masa kazar. Haka ake yi a Bazule kusa da Wagadugu, inda har jana'iza ake yi wa wanda ya mutu, da Kachikali a Gambiya. A Wukari ma akwai tafkin Marmara da Jukunawa ke girmama kadojinsa.

Abin da ilimi zai iya faɗa shi ne: duk suchus ne, mai sauƙin hali, a ƙoshe suke, kuma tun suna ƙanana suka saba da mutane ba a taɓa farautarsu ba. Wannan bai mayar da su tumaki ba. Ni dai ban taɓa barin ɗalibina ya taɓa ko ɗaya ba.

Me wurin ajiye kada yake bukata?

Ruwa da tudu da inuwa, kuma dabbar ce za ta zaɓi inda take so a kowane lokaci. Ruwan ya yi zurfin da zai nutse gaba ɗaya, ya yi faɗin da zai juya ba tare da wutsiya ta bugi bango ba. Gaɓar ta zama mai gangara a hankali. Tudun ya zama yashi ko ƙasa. Siminti mai kaushi yana goge fatar ciki da tafin ƙafa har ya zama gyambo, a zafin watan Afrilu kuma ƙona shi yake yi.

Ruwan dole a riƙa sauya shi. Na taɓa kai ɗalibai wani gidan zoo, ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar da kadoji uku a rami ɗaya. Ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka, ledojin fiya wata da robobin lemo suna yawo a kai, ga duwatsun da 'yan kallo suka yi ta jifa don su ga motsi. Ɗaya daga ciki idonsa guda ya yi fari. Na tambayi dattijon da ke kula da su, "Baba, yaushe rabon da a sauya ruwan nan?" Ya ce, "Malam, injin ya lalace tun kafin azumi. Ai su ba ruwansu, ko a taɓo ma rayuwa suke yi." Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, da bokiti yake ɗebo musu abin da ya iya. Amma taɓon daji ruwan sama na wanke shi, rana na busar da shi. Ramin siminti kuwa kashinsu da ruɓaɓɓen nama ne ke taruwa a ciki.

Shinge kuma a tuna kada na hawa waya, musamman ƙanana, yana kuma haƙa rami. Ginin ya nutse cikin ƙasa, samansa ya lanƙwaso ciki, a sa shinge na biyu da zai hana hannun yaro kaiwa. A kuma yi ɗaki ko sashe mai ƙofa da za a iya kora su ciki a kulle kafin ma'aikaci ya shiga shara.

Me ake ba shi, sau nawa?

Babba sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi. Ƙanana sun fi bukata akai-akai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba shi tsoka zalla ko kayan ciki daga mahauta, ana ganin gata aka yi masa. A daji dabba yake haɗiyewa da ƙashinta da gashinta, daga nan yake samun sinadarin kalsiyam. In babu, ƙasusuwansa su yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, haƙora su baje waje, baya ya karkace. Wannan ba ya gyaruwa. Don haka kaza sukutum, kifi sukutum, ɓeraye.

Kifin ma da sharaɗi. Wanda ya daɗe a firiza yana jawo ƙarancin bitamin B1, wanda mansa ya fara lalacewa kuma yana kumbura kitsen jikin dabbar. Matattun kajin gona da ake samu a arha, sai an san abin da ya kashe su. Abin da ya rage bayan ciyarwa a kwashe shi a ranar.

Sanyin hunturu na damunsa?

Ƙwarai. Ya fi jin daɗi in ruwa na wajen digiri 30. In sanyi ya sauko sai ya daina ci, kuma daidai ke nan, don cikinsa ba ya narkar da abinci sai da zafi. In aka matsa masa ya ci, naman ruɓewa zai yi a ciki. A wuri irin Jos, ko Kano a watan Janairu, ƙanana ne suka fi shan wuya: a kare su daga iska, a ba su ruwa mai zurfi wanda ba ya saurin hucewa. A Piyerlat ta Faransa, gidan kadojin da aka buɗe a 1994 rufaffen gini ne da ake ɗumamawa.

Za a iya haɗa su wuri guda?

Masu girma ɗaya, e. Babba da ƙarami, a'a, cinye shi zai yi. Manyan maza biyu a ƙaramin wuri kuwa faɗa ne har sai ɗaya ya rasa ƙafa ko rai.

Aikin mai kula da su yana da haɗari?

Sabon ma'aikaci tsoro na kare shi. Wanda ya shekara ashirin, ya raɗa wa kowanne suna, ya san wanda ke da fushi da wanda ba shi da shi, shi ake ji wa. Sabo turken wawa. A Yamusukuro ta Kwaddibuwa, a tafkin da ke gefen fadar da tsohon shugaban ƙasar, Houphouët-Boigny, ya gina, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana ciyar da kadojin a gaban 'yan kallo, su ne suka kashe shi a 2012.

Ƙa'idar wuraren da suka san aikinsu ba ta da yawa. Mutum ɗaya ba ya shiga shi kaɗai. Kafin a shiga a ƙirga su, a san inda kowanne yake. Ba a tsayawa tsakanin kada da ruwa, ba a juya wa ruwa baya, ba a kusantar mace mai gadin ƙwai. In kamawa ta zama dole, a zarga igiya a muƙamuƙin sama, a rufe idanun da jiƙaƙƙen buhu don ya natsu, a ɗaure baki ba tare da an toshe hanci ba, sannan a yi hattara da wutsiya da kuma kan kansa, wanda ko a ɗaure yana karya haƙarƙari. A kuma gama da wuri: babban kada in ya daɗe yana kokawa, gajiyar kaɗai na iya kashe shi.

In ambaliya ta zo fa?

Mun gani a Maiduguri. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye gidan zoo na Sanda Kyarimi. Hukumar wurin ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. A Afirka ta Kudu, a Janairun 2013, kadoji kusan 15,000 ne suka fice daga wata gonar kiwo zuwa kogin Limpopo. Ruwan da ke kashe zaki a keji, shi ke ɗaga kada ya tsallake katanga. Duk mai wurin ajiye su a kwari ko bakin kogi, gemun ɗan'uwansa ya riga ya kama wuta.

Zan iya ajiye ɗan ƙarami a gida ko a gona?

Doka ta shiga tsakani. A Nijeriya kadoji na cikin dabbobin da dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985 ta lissafa, a Nijar akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, fitar da su ko fatarsu waje kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, watau CITES. Ko an ba ka izini, yi lissafi: abin da ka saya a cikin bokiti zai kai mita biyu, yana iya rayuwa shekara 50 ko fiye, watau magada za ka bar wa. Kashinsa kuma na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, ga yara a gida.

Ana cin namansa?

Malaman Malikiyya sun sa shi cikin dabbobin ruwa da aka halatta. Mafi shahara a sauran mazhabobi uku hani ne. Halaccin ci daban, izinin farauta daban.

In na je kallo, yaya zan yi in ga ya motsa?

Kar ka jefe shi, kar ka zungure shi da kara, kar ka jefa masa leda ko kwabo, haɗiyewa yake yi su toshe masa ciki. Ka tambayi ma'aikata ranar ciyarwa da lokacinta, ka zo ka tsaya bayan shinge na biyu, yaronka a ƙasa ba a kafaɗa ba. Ɗalibin nan da ya tambaye ni ko na roba ne, ranar ya ci sa'a. Aka jefa kaza, kafin ta taɓa ruwa an cafe ta, ruwan ya fantsamo mana har riga. Da na waiwaya, yaron yana can bayan motarmu, takalminsa ɗaya a bakin shinge.